Takardun da Lantana Ta Cusa a Bango

Shekara biyu Lantana ta yi tana share ɗakin Bafaranshen nan kafin ta gane sana'arsa. Ba ɗan kasuwa ba ne, don ba ta taɓa jin ya sauka Komarsiyo, can ƙasan gari inda jiragen ruwa ke sauke kaya, ya taɓa ko buhun sukari ba. Ba likita ba ne, shi kansa tari ya ishe shi. Abin da ta sani kawai, duk bayan wata biyu 'yan dako sukan hauro da akwati ɗaya daga bakin teku, maƙare da littattafai, shi kuwa ya zauna ya kama yanka su.

Yanka fa na gaske. Littattafan da bakinsu a rufe suke zuwa, ganyayen a haɗe, sai ya sa wata siririyar wuƙa ta hauren giwa yana tsaga su ɗaya bayan ɗaya. Wani littafin ya yanke shi tas har ƙarshe. Wani kuwa ganye goma kawai, ya yi tsaki, ya jefa shi ƙarƙashin gado. Daga nan sai ya jawo takarda da tawada. Ya rubuta, ya soke, ya dunƙule, ya yar. Kafin la'asar ƙasan ɗakin ya koma kamar an barbaza auduga.

Sunansa Aurélien Tessandier, amma a birnin Bahiya ba mai wahalar da harshensa, Sinyo Oreliyan ake ce masa.

Ɗanladi ne ya warware mata. Shi ne ke ɗaukar Bafaranshen a kujerar nan mai labule da masu hali ke hawa, don gangaren garin ba na mai ciwon ƙirji ba ne. Bakano ne, ita kuwa Bazazzagiya, saboda haka ko a nan, inda aka kawo su duka biyun a cikin jirgi aka sayar, bai fasa ce mata baiwarsa ba.

"Ke baiwata, har yau ba ki gane ba? Sana'arsa kushe. Wani ya sha wahala ya rubuta littafi, shi kuma ya karanta ya ce bai yi ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ya rubuta, ya aika birnin Faris, su buga a jarida kowa ya gani."

"Kuma a bar shi da rai?"

"Me kike tsammani ya kawo shi nan, shan iska?"

"To shi ina nasa littafin?"

"Mai ɗanɗana miya ai ba shi ke girki ba."

"Wannan kam na yarda," in ji Lantana. "A Kano na ji kowace tukunya da irinsu uku a bakinta."

Ta yi dariya, amma abin bai bar ta ba. Ta san malamai suna yi wa littafi sharhi, su kewaye shi da ƙananan rubutu kamar 'ya'ya sun kewaye uba. Ba ta taɓa jin wanda ake tsoro don ya ce littafi bai yi daɗi ba.

Akwai kuma abin da ko Ɗanladi bai sani ba. Takardun nan da Bafaranshen ke yarwa, Lantana ba ta zuba su a juji.

Mahaifinta baduku ne a Zazzau, gafaka yake ɗinka wa malamai, jakar fatar da ake sa littafi. Bai yi wani karatu mai zurfi ba, amma ko a tsakiyar kasuwa ya ga guntuwar takarda a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauka, ya karkaɗe, ya nemi tsagar bango ya cusa. Yakan ce takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa, don ba ka san sunan wa ke ciki ba. An raba Lantana da garinsu, an raba ta da sunanta, masu gari suna kiran ta Felisidadi, amma wannan duƙawar ta biyo ta har ƙetaren teku. Ranar farko da ta sa tsintsiya a ɗakin Bafaranshen, hannunta ne ya ƙi. Ta tsince takardun, ta sa a haɓar zane, ta kai ɗakin da take haya a ƙarƙashin wani bene kusa da gangaren Ladera da Farasa. Bangon ɗakin tsoho ne, duk tsaga. Ta cusa.

Ta san hatsarin. Shekara takwas ke nan tun da Musulmin gari suka yi bore, daga wani gida a kan wannan gangaren aka faro, aka murƙushe su a Aguwa di Meninus. Tun daga ranar, baƙin mutum da aka kama da takarda mai rubutu ya shiga uku. In bawa ne, bulala. In 'yantacce ne kamar Lantana, a sa shi a jirgi a watsar a wata gaɓar da bai sani ba. Ita kuwa tana da Zainabu, 'yarta tilo, wadda har yanzu baiwa ce a wani gida a saman gari, ba sa haɗuwa sai ranar Lahadi a bakin marmaro wajen ɗibar ruwa. In aka sa Lantana a jirgi, ita da Zainabu sai dai a lahira.

Kullum takan ce gobe za ta ƙone su, ai ƙonewa ma girmamawa ce. Sai gobe ta yi, ta zaro guda, ta shimfiɗa a cinya tana kallo. Ba ta iya karatu ba, na can gida ma bai wuce na salla ba, balle wannan mai tafiya ta hagu. Amma ido ba ya zama banza. Ta lura layin farko yakan dawo a takarda bakwai, takwas, kamar mutum yana ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya. Ta lura in littafi ya ba shi haushi rubutun yakan miƙe tsaye, manya-manya, bakin alƙalami har ya huda takardar. In yana wasiƙar gaisuwa ga manyan gari, rubutun sumul kamar an goge shi da dutsen guga. In kuwa abu ya shige shi, sai rubutun ya ƙanƙance, ya kwanta, ya yi ta gudu har bakin takarda ba sokewa. Irin wannan ba su da yawa.

Wata ran ta kasa haƙuri ta tambaye shi. Da Fotugis suke magana, nasa gurgu, nata makaho, haka suke jan juna.

"Sinyo, wai gaskiya ne zagin littafi kake yi?"

Ya ajiye wuƙar ya dube ta ta saman tabarau. "Wa ya gaya miki?"

"A gari na ji."

"Ɗanladi ke nan. Ba zagi ba ne, Felisidadi. Awo ne."

Ranar bakinsa ya buɗe, wataƙila don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ce ubansa ɗinkin littattafai yake yi a wani ƙaramin gari a bakin kogi, shi kuma tun yana yaro yake karanta su kafin masu su su zo karɓa. Yana da shekara goma sha tara ya tafi Faris da riga biyu. Shekara ashirin da biyu yana rubutu a jarida duk ranar Alhamis, har marubuta suka koma ba sa cin abincin kirki ranar Laraba. Sai ya rubuta cewa wasan kwaikwayon surukin wani babban mutum maganin rashin barci ne. Ƙofofi suka rufe, ƙirji ya kama, likita ya ce ya nemi ƙasa mai ɗumi. Yanzu in ya aika sharhi, kafin jirgi ya kai an manta da littafin. Don haka ya koma rubuta 'yan maƙaloli kan abin da ya ga dama: me ya sa tsofaffi ke maimaita littafi ɗaya, me ya sa mutum ke ajiye wasiƙar da ba zai sake karantawa ba, yadda hawan gangaren Bahiya ke koya wa mutum gajarta magana.

"Ba ni da gida, ba ni da mata," in ji shi. "Abu ɗaya na tara. Ban taɓa sa sunana a ƙarƙashin yabon abin da bai burge ni ba."

"To waɗannan da kake yarwa fa?"

"Ba su yi ba."

"Ashe kai ma ba ka tsira daga bakinka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta miƙa masa ruwa.

Ana haka, alƙalin unguwarsu ya kawo ziyara. Babban mutum ne, da gonar rake a ƙetaren ruwa, da sanda mai kan zinariya. Ya zo da littafi mai koren bango, waƙoƙinsa ne guda arba'in da ɗaya da ya sa aka buga masa. Ya ce ya ji labarin akwai gwanin Faris a unguwarsa, ai bai kamata kogi yana kusa a yi taimama ba.

Kwana uku Sinyo Oreliyan yana fama. Lantana ba ta taɓa ganin takardu sun taru haka ba, yawancinsu masu huda. A rana ta huɗu ya rubuta wasiƙa mai layi shida, sumul, ya aika. Ta kwashe sauran kamar kullum. A cikinsu akwai guda da ba a dunƙule ba, ninke ta aka yi biyu aka sake ta a gefen teburi.

Damina ta kankama. Ruwan Bahiya in ya fara ba ya sallama, kwana tara aka yi ana sheƙawa. A rana ta goma da hantsi, Lantana tana can wajen wanki, bangon ɗakinta na wajen titi ya jiƙa ya zube. Takardun shekara biyu suka kwararo kan hanya, wasu ruwa ya ja su gangare, mutane suna tsallakewa. Kafin ta dawo mai gidan ya kira sufeton unguwa. Ta tarar da shi a tsaye da kwando, yana tsince su da bakin sanda kamar mai kama kunama.

"Naki ne?"

"A ɗakina suke, Sinyo."

"Takardun Male," in ji shi. Haka suke kiran Musulmi. Ya ɗago guda ya nuna wa jama'a. Shi ma bai iya karanta ta ba, amma akwai abu ɗaya da ya gane. Sunan alƙali ne, a rubuce sau uku, an soke biyu.

Kwana biyu ta yi a kulle a ɗakin ƙasa na gidan alƙalin, inda ake ajiye gawayi. Ɗanladi ya zo ya tsugunna a bakin 'yar tagar da ke daidai da ƙasa, kamar mai gyara takalmi.

"Lantana, me ya kai ki?"

Da ta ji ya kira sunanta na gaskiya, ba baiwata ba, sai ta san abin ya yi muni.

"Babana ne ya kai ni. Akwai jirgi?"

"Akwai mai tashi ran Asabar."

"Zainabu ta ji?"

"Ba ta ji ba tukuna."

"Kar ta ji. Ka je ka ɗauko mini Bafaranshen, Ɗanladi. Ko ba ya so, kujerar ai a kafaɗarka take."

Ran Alhamis da safe aka hau da ita bene. Ɗaki ne mai faɗi, ga alƙali a bayan teburi, ga takardun an shanya an jera, ga sufeto a tsaye a bakin ƙofa. Ko a cikin wannan tsoro sai da Lantana ta ƙirga kantocin littattafan da ido, ta kuma lura yawancinsu ba a yanka bakinsu ba.

Sinyo Oreliyan ya shigo yana haki. Bai dube ta ba. Takardun ya duba, fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Waɗannan nawa ne," in ji shi. "Faransanci ne. Shara ce."

"Haka ne?" in ji alƙali a hankali. "Ni Faransancina ya tsufa, rubutun kuma duk soke-soke. Sufeto ya ce tsafin Male ne, ga sunana a ciki. Doka kuwa a fili take. Sai dai in mai su ya karanta mana mun ji. Fara da wannan."

Daga yadda ya zaro takardar ba tare da nema ba, Lantana ta gane ya karance su tas, wataƙila sau biyu.

Bafaranshen ya karɓa. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara juyawa da Fotugis ɗinsa gurgu.

"Wata ya fito sau talatin da ɗaya a littafin nan, amma ko sau ɗaya bai haska komai ba."

Sufeto ya yi tari.

"Ci gaba," in ji alƙali.

"Marubucin yana jera kalmomi yadda ake jera kujeru a falon da aka hana kowa zama. Ya ce ya yi kuka a shafi na tara, ya sake cewa ya yi a na goma sha biyu. Na taɓa takardar, a bushe take."

To, ashe abin da ke ciki ke nan. Shekara biyu tana son ta ji, sai ga shi ta ji a ranar da kowace kalma ke tura ta bakin jirgi. Duk da haka wani gefe na zuciyarta yana cewa, ai kuwa haka mutumin yake, ko tafiyarsa haka take.

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya ce wa sufeto ya jira a waje, ya rufe ƙofa. Da Lantana bai damu ba, kamar yadda ba a damuwa da tulu.

"A wasiƙarka ka ce littafina ya ba ka abin tunani."

"Ya ba ni. Ga shi nan a gabanka."

"Za a sake buga shi a ƙarshen shekara. Ina son gabatarwa daga hannunka, da sunanka, a buga ta a jaridarku ta Faris kuma. In na samu, waɗannan shara ce, matar nan ta tafi gida. In ban samu ba, ni ban ji komai yau ba, sufeto ya fi ni sanin takardun Male."

Sinyo Oreliyan ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ya goge, ya sa, ya sake cirewa. Lantana ta tuna abu ɗayan da ya ce ya tara. Ta san mutum ba ya sakin abu ɗayan da ya tara don mai shara, ko da yana jin tausayinta. Ta ga bakinsa ya fara haɗa kalmar da za ta kai ta jirgin Asabar.

"Akwai wadda bai karanta ba," in ji ta.

Duka biyun suka juyo.

Ta matsa kusa da teburin. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, da ido ta bi su. Ga masu huda, ga masu huda, ga wata ta gaisuwa. Can ƙasa, ƙarƙashin dutsen danne takarda, ta hango mai ninki biyu, ƙananan rubutu a kwance har baki.

"Waccan."

Alƙali ya zuba mata ido. "Kin iya karatu ke nan."

Nan ne ramin, ta kuma gan shi. "A'a, Sinyo. Wanki nake yi. Mai wanki ta san rigar da aka yi aiki a cikinta da wadda aka sa don a gaisa da baƙi. In abu ya yi masa daɗi haka hannunsa ke yi."

"Ruwa ya ɓata wannan," in ji alƙali. "Ban iya fitar da komai ba."

"Ni zan iya," in ji Bafaranshen, murya ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka kama da abin kunya. Ya ɗauka.

Kan waƙa ta talatin da takwas ce. Waƙar wani tsohon bijimin sa ce, wanda ya yi shekaru yana juya dutsen matse rake a gonar alƙalin, har ya makance. Aka kwance shi aka sake shi a makiyaya ya huta. Da safe aka tarar da shi yana zagaye a fili, shi kaɗai, daidai faɗin da ya saba, har ya yi wa ciyawa zobe.

"A nan kaɗai mutumin nan ya dubi abu da idonsa," Sinyo Oreliyan ya karanta. "Babu farin wata, babu hawaye. Baiti goma sha shida, ba wanda zan iya cirewa. Da ni na rubuta su da na yi barci mai daɗi."

Alƙali ya kai hannu ya gyara tawadar da ba ta karkace ba. Lantana kuwa tana tunanin san. Ta yi shekara huɗu a irin wannan gonar kafin a kawo ta birni, ta san su wa ke tsaye a gefen dutsen suna tura rake, ta san hannu nawa dutsen ya ci. Mutumin ya ga sa. To, ko ba komai ya ga wani abu.

"Saura kaɗan in cire ta," in ji alƙali daga baya. "Matata ta ce ba a sa dabbar gona a littafi." Ya ɗago kai. "Me ya sa ba ka aiko mini da wannan ba?"

"In na yabi ɗaya, dole in faɗi abin da ke damun arba'in."

"Ba dole. Wannan za ka rubuta mini. Kan littafin."

"Kan san."

"Kan littafin, ka fara da san."

"Kan san, in ƙare da san. Sauran ba zan taɓa su ba, ba yabo ba zagi. Shafi huɗu."

"Da sunanka."

Bafaranshen ya rufe ido. "Da sunana."

Aka kira sufeto. Alƙali ya ce an bincika, sharar baƙo ce, a kai kicin a ƙone duka yanzu, ban da mai ninki, wadda ya sa a aljihun teburi. Matar kuwa a sake ta, amma kafin Lahadi ta kwashe kayanta daga unguwarsa, ba ya son ya sake ganin ta.

A waje ruwa ya ɗauke, titi yana tururi. Ɗanladi da abokin ɗaukarsa suka miƙe da kujera, Sinyo Oreliyan ya ce su bari, zai taka. Ya yi taku kamar ashirin a gangaren kafin ya tsaya ya dafa bango.

"Wa ya ce ki ajiye mini shara?"

Ta gaya masa zancen mahaifinta.

"Sunan Allah? A takarduna?"

"Ban sani ba, Sinyo. Shi ya sa."

Ya girgiza kai. "Kin san abin da kika jawo mini? A Faris za su karanta shafi huɗu na yabo, su aika a sayo littafin, su ci karo da farin wata sau talatin da ɗaya. Za su ce zafin Bahiya ya narkar da ƙwaƙwalwar Tessandier. Yabon ɗaya da shiru kan arba'in rabin ƙarya ne, Felisidadi."

"Rabin gaskiya kuma."

"A sana'ata ba a sayar da rabi."

"Allah Ya saka da alheri," in ji ta da Hausa, don ba ta san yadda ake faɗin wannan da Fotugis ya fito daidai ba. Bai tambayi ma'anar ba. Suka ci gaba da sauka, shi a gaba, ita a baya, kujera fanko tana biye.

"Sinyo, san nan ya daina zagayen?"

"Waƙar ba ta faɗa ba."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Ba a tambaya. Rashin faɗin ne ya sa ta yi kyau."

"Da ni ce da na tambaya."

Ɗanladi ya matso da kafaɗarsa. "Ke baiwata, yanzu kika fito daga bakin kura, kina tambayar lafiyar sa? Ina za ki kwana?"

"Akwai wata Banufiya mai tuyar ƙosai a Aguwa di Meninus, ta taɓa ce mini tana da wuri."

"Can ƙasa? Kullum ki hauro wannan tudun?"

"Kai da kake hawansa da mutum a kafaɗa ba ka mutu ba."

A mararraba suka rabu. Bafaranshen ya haƙura ya shiga kujera, ya leƙo ta labule ya ce gobe ta zo da wuri, shafi huɗu kan san nan ba ƙaramin datti za su yi ba. Lantana ta nufi abin da ya rage na ɗakinta. Tabarma ta jiƙe, tukunya ɗaya ta fashe, ɗayar tana nan. Ta ɗaure su a zane ta aza a ka. Daga Aguwa di Meninus zuwa marmaro tafiya ce mai nisa, duk hawa, ta lissafa sai ta fito tun da asuba ranar Lahadi in tana son ta riski Zainabu kafin ta cika tulu. Ta gyara gammo ta kama gangara.